Mai mota, taka burki: Adar ta wuce hanyar wucewa

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙwanni zuwa Tawa ya san irin tafiyar da muke yi, mu ma'aikata da ƴan kasuwa. A fito da asuba, a ɗaga gilashi, direba ya ba mota wuta. In an tsaya, to ko dai shingen masu kaki ne, ko lokacin salla ya yi, ko kuwa uwargida ta yi saƙon albasa. Ka tambayi mutum abin da ya gano a hanya, sai ya lissafa maka ramuka da farashin isansi. Akwai ma'aikacin da ya shekara 20 yana ratsa Badagishiri cikin motar gwamnati, kuɗin tafiyar aiki a aljihu, amma bai taɓa sanin cewa ƴar tazara kaɗan daga inda yake sayen nama akwai masallacin ƙasa da magina na duniya ke karanta labarinsa a manyan makarantu ba.

Ba zan jefi kowa da dutse ba, domin ni ma cikinsu nake. A lakwal na haddace kogunan Faransa da duwatsunta, a jami'a na yi jarrabawa kan juyin juya halin 1789, amma ban taka garin Yama da ƙafata ba sai da ɗarin da ya wuce. Wani abokina Alhaji, mai safarar albasa zuwa ƙasashen gaɓar teku, shi ya yi mini gori. Ya ce: «Malam, kullum kuna rubuta mana kishin ƙasa a jarida. Ƙasar da ba ka sani ba, yaya za ka yi kishinta? Shigo mota.» Muka yi kwana uku muna zagaya Adar: daga Ƙwanni zuwa Tawa, muka leƙa Tabalak, muka gangaro ta Kaita da Buza zuwa Madawa, sa'an nan muka komo Ƙwanni ta Galmi. Duka zagayen bai kai nisan Yamai zuwa Maraɗi ba. Abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne: muddin mu masu mota da ɗan abin hannu ba mu koyi tsayawa a karkararmu ba, abubuwan tarihi da na albarkar ƙasa da ke cikinta za su lalace a gaban idonmu, kuma ba wani baƙo da zai zo ya cece su.

Tun daga Ƙwanni karatu ke farawa. Garin da muka mayar tashar canjin naira da sayen mai, shi ne birnin da rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone a watan Mayu na 1899, ta kashe jama'a ba adadi, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya a Lugu. Kusa da garin akwai Masalata, inda Azna suke da al'adar arwa da buɗin daji, suna duban abin da shekara za ta zo da shi. Na san akwai masu karatu da za su yamutsa fuska, su ce me ya haɗa Musulmi da wurin arna. Amsata ita ce sanin abu daban, bin sa daban. Wanda bai san abin da kakanninsa suka bari ba, bai san nauyin abin da suka karɓa ba. Kuma a wannan yanki ɗaya, wajen Galmi, ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Mutanen Sakkwato sun san sunan Maratta tun suna yara. Mu da garin yake cikin ƙasarmu, mu nawa ne za mu iya nuna wa baƙo hanyarsa?

A Tsarnawa muka bar babbar hanyar gabas muka miƙe arewa. Daga nan ƙasa ke sauya kama. Shimfiɗaɗɗen tudu mai jan dutse, sai kwari ya tsaga shi, cikin kwarin kuma ga shuɗin lambu da itatuwan gawo. Abin da ya fara ɗaukar hankalin baƙo a ƙauyukan Adar shi ne rumbunan ƙasa, manya, masu ciki kamar tulu, wani ya fi ɗakin mai shi tsawo, an ɗora su bisa duwatsu saboda gara da danshi, an kifa musu hular ciyawa. Ba siminti, ba ƙarfe, amma hatsi ya shekara a ciki lafiya lau. Sau nawa muka gan su ta gilashi ba mu tambayi wa ke gina su ba, ko samari na koyon ginin, ko kuwa duk sun tafi ci rani Abijan?

Daga Badagishiri muka karkata yamma, wajen Illela, mazaunin Sarkin Adar, gidan sarautar da ta samo tushe daga Agabba ɗan Sarkin Agadas a ƙarni na 17. Mai son cikakken tarihin ya nemi littafin Farfesa Jibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa. Muka kuma sauka a Yama.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata tare da ni. A 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani manomi ɗan garin mai sana'ar gini, Falke Barmu. Ba a kira injiniya ba, ba a rubuta wa wata ƙasa takardar neman agaji ba. Gayya aka yi: wasu na kwaɓa ƙasa suna buga tubali, wasu na ɗauko itace, mata na jigilar ruwa, mai hatsi ya ba da hatsi. Da farko gini ne mai sauƙi, rufi shimfiɗe bisa ginshiƙai. Falke ya je aikin Hajji, ya buɗe ido ya ga gine-ginen ƙasashen da ya ratsa. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sake shi da bakan gizo, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta, aka gama a 1982. A 1986 masallacin Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fasahar gini na duniya.

Mun shiga da rana tsaka, sai muka ji sanyi kamar an shiga randa. Haske na sauka kaɗan kaɗan ta ƴan tagogi, ginshiƙai jere, murya ba ta ɓacewa. Wani dattijo da ya raka mu, da na ce masa: «Baba, baƙi na zuwa kuwa?», sai ya yi murmushi ya ce: «Ɗana, da Nasara kan zo da motocinsu. Yanzu sai ku, ku ma sai an yi sa'a.» Ginin ƙasa kuwa rai gare shi, kamar doki yake, sai da kiwo. Kowace damina tana cin rabonta, in ba a yi yaɓe ba shekara biyu uku, tsaga ta shiga. Ranar da masu ƙarfin yaɓe suka ƙare a gari, ko wani mai kuɗi ya zo da kyakkyawar niyya ya ce a rushe a yi na siminti da kwano, to shi ke nan, sai a hoto.

Wannan tsoro ba shaci-faɗi ba ne, kuma maganinsa ma yana nan kusa. A Dandaji, cikin ƙasar Illela, tsohon masallacin garin, wanda shi ma aikin Falke Barmu ne, ya tsufa har ana batun rushe shi. Ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine, Mariyama Isufu Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka shawo kan jama'a aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin jar ƙasa na matsi. An gama a 2018, kuma aikin ya ci lambobin yabo a waje. Yau yaro na fitowa daga salla ya shiga ɗakin littattafai. Ina ma a ce kowane magajin gari da kowane Alhaji mai niyyar gina masallaci a garinsu ya fara zuwa Dandaji ya kashe awa ɗaya kafin ya sayi buhun siminti na farko.

A kan wannan hanya ta Illela ne kuma na ga abin da ya fi ƙarfafa mini hujja. Filayen da a da fako ne, ko ciyawa ba ta fita, yanzu ga kututturan gero a cikin ƴan ramuka jere. Tassa ke nan: a haƙa rami da rani, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. Yadda dabarar ta bunƙasa a nan abin lura ne. A 1989 aka ɗauki wasu manoman Illela a mota aka kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda manoman can suka inganta irin waɗannan ramuka. Da suka komo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har ta kai ana sayen fako da kuɗi domin a raya shi. Tafiya ɗaya ta gani da ido ta yi abin da tarurrukan otel ɗari ba su yi ba. Wanda ya ce yawon gani aikin marasa aikin yi ne, ya je ya faɗa wa manoman Illela.

Tawa muka kwana, garin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Da safe muka kama hanyar Agadas, wadda aka shimfiɗa domin uraniyom, kimanin kilomita 50, sai ga ruwa ya bayyana a tsakiyar ƙasar da ido ya gaji da jan dutse da rairayi. Tafkin Tabalak ke nan. Masunta cikin kwale-kwale, garken shanu da raƙuma na sauka shan ruwa, lambuna a gefe, mata na soya kifi a bakin hanya. Da ɗari tsuntsaye na zuwa daga Turai su sauka a nan, shi ya sa tun 2005 aka sa tafkin cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Bahaushe da Buzu da Bafillace duk a ruwa ɗaya suke sha. Amma koramun da ke cika tafkin suna kawo yashi tare da ruwa, kuma duk itacen da aka sare a kan tudu, tafki ne ke biyan bashinsa. Matafiyi kan sayi kifi ta taga ya wuce. Da ya sauka ya zauna rabin awa da masunta, da ya ji wannan daga bakinsu, kuma in shi ma'aikacin ruwa da dazuzzuka ne ko ɗan majalisa, da jin ya yi amfani.

Daga Tabalak muka komo Tawa muka yi gabas zuwa Kaita. Waɗanda suka yi wayo a lokacin yunwar 1984, wadda jama'a suka raɗa wa El-Buhari, suna tuna yadda wannan yanki ya koma. A shekarar ce aka fara furojen Kaita, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi neman abinci, sai aikin ya faɗa wuyan mata. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera bisa gangaren tudu, su suka haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abinci. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an raya fiye da hekta 30,000, an gina madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyin karkara. In ka tsaya bisa tudu ka dubi layukan duwatsun nan suna bin ƙugun dutse har iyakar gani, ka tuna kowane ɗaya kan wata uwa ya hau, jikinka zai yi sanyi. Wasu madatsun sun cike da yashi, wasu sun fashe suna jiran gyara. Ba gunki ko ɗaya da aka kafa wa matan Kaita. Aƙalla mu kai ƴaƴanmu su ga aikinsu.

Gaba kaɗan, a ƙasar Buza, kwarin Majiya ya buɗe. Tun 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, aka fara dasa bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, layi biyu biyu a gicciye, domin karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasar gona. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita. Daga nan sai Madawa da tabarminta na kaba masu rini, sai Galmi da albasarta mai ruwan hoda da ta kai sunan ƙauyen har kasuwannin Akara da Abijan, da rudu jere a bakin gonaki inda ake ajiye ta jiran farashi. A nan abokin tafiyata ya zama malami, ni na zama ɗalibi.

To, me ya hana mu? Dalili na farko tarbiyya ce. Tun zamanin mulkin mallaka aka gina yawon buɗe ido a ƙasar nan domin baƙo: jirgi ya sauke shi a Agadas, kat-kat ta kai shi Ayar da Tenere, ya ɗauki hoto ya koma. Mu namu shi ne tuƙi da dafa shayi. Wannan gini kuwa bisa rairayi aka yi shi. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya girgiza shi, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara, satar mutane a Arlit a 2010 ta kusa gama da shi, kisan mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure ran 9 ga Agusta 2020 ya rufe sauran ƙofar. Duk lokacin da wata ma'aikatar waje ta shafa wa taswirarmu jan launi, sai mai jagora da maƙeri da mai masauki su koma zaman kashe wando. Baƙon da ba ya gudu saboda jan launi shi ne ɗan ƙasa.

Dalili na biyu, za a ce talauci: mutanen da ke fama da tuwon dare, wa ke maganar yawo? Gaskiya ne, kuma ba da talaka nake ba. Da wanda ke Umra kowace shekara nake, da wanda ke kai iyali hutu Kotonu ko Dubai, da wanda ke kashe wa bikin suna abin da zai ishi zagayen Adar sau uku. Kuɗin da ya kashe a Dubai ya tafi ke nan. Jaka biyar da ya kashe a Tabalak ko Madawa kuwa, kafin magariba ta zama gero a gidan masunci, ta zama littafi a jakar ɗan mai saƙar tabarma.

Dalili na uku shi ne tsaro, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Wanda ya tuna mutum 137 da aka kashe a yankin Tiliya ran 21 ga Maris 2021 ba zai ce wa kowa ya kama hanya ido rufe ba, kuma bakin iyaka ma yana da nasa masu ɓarna. Hankali ya wajaba: a yi tambaya kafin a tashi, a bi shawarar hukuma da ta mutanen gari, a yi tafiya da rana, a bar inda aka ce a bari. Amma a tuna motocin albasa da na fasinja suna bin waɗannan hanyoyi, malaman lakwal da ma'aikatan asibiti suna kwana a waɗannan garuruwa. In hanya ta yi kyau domin neman riba, ba ta ɓaci domin neman sani ba. Kuma karkarar da manyan birni suka daina takawa, ita ce wadda ɓata-gari suka fi jin daɗin shiga.

Ga hukuma, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. A 2017 an yi Tawa Sakola, an kashe kuɗi masu yawa wajen ƙawata babban birnin jiha domin bikin 18 ga Disamba. Madalla. Amma a duk zagayenmu, da tambaya muka gano yawancin wuraren nan, wani wurin ma sai da muka ɓata muka komo. Allo a mararraba, da Hausa da Faransanci, nawa zai ci? Kowace ma'aikatar magajin gari tana iya horar da samari biyu uku su zama masu jagora, da farashi sananne, a ware wani kaso domin yaɓen gini. Tana iya tanadin ɗaki biyu masu tsabta da makewayi domin baƙo. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka a riƙa bi ta kansu bayan damina. Masu kula da ilimi su sa ziyarar gani cikin tsarin shekara, yaron Tawa ya ga Yama kafin a tambaye shi Basai. A shingaye kuma, mai iyali da takardunsa cikakku a bar shi ya wuce da mutuncinsa, kada tafiyar awa biyu ta koma ta awa huɗu.

Ga ƴan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin hanya, kuma ku ke da motocin. Kamfanonin safarar fasinja da suka iya haɗa Yamai da Agadas kullum ba za su kasa shirya ƙaramar mota ɗaya a wata, lokacin ɗari, ta zagaya da iyalai ba. Wanda ya fara, shi zai ci kasuwar.

Sai dai mai zuwa ya zo da ladabi. Ƙauye ba gidan kallo ba ne. A fara da gaisuwa a ƙofar maigari. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton matar mutum ko cikin masallaci sai da izini. Kada a watsa wa yara kuɗi ta taga, a koya musu roƙon da iyayensu ba su koya musu ba. Mai niyyar alheri ya ba liman ko kwamitin gari. Kada a taya tabarmar kwana bakwai kamar ana taya ƙosai. Robar ruwa da leda kuma a koma da su inda aka fito da su.

Kowa a yau yana maganar ƴancin kai da dogaro da kai, a rediyo da wuraren taro. Mutanen Yama sun yi nasu da tubali tun 1962, matan Kaita sun yi nasu da duwatsu a ka, manoman Illela sun yi da fartanya. Ba su jira jawabinmu ba. Abin da ya rage mana, mu da Allah ya hore wa ƙafa huɗu, shi ne in mun iso Badagishiri a tafiya ta gaba, mu dafa kafaɗar direba mu ce masa ya karya zuwa Yama. Awa biyu kawai za ta ci, Tawa kuma ba inda za ta je.